Ɓerayen Yaya Sun Ƙi Ba da Haɗin Kai

Tun da na buɗe ido na san yayata, ba ta taɓa amsa tambaya kai tsaye ba. Ka ce mata, "Yaya, gishiri ya ji?" sai ta ɗanɗana, ta kalli sama, ta ce, "Da alama." Lokacin da mijinta ke neman aurenta, Inna ta tambaye ta ko tana sonsa, ta ce mai yiwuwa ne. Yau 'ya'yansu huɗu. A gidanmu Yaya Wataƙila muke ce mata, kuma tana amsawa.

A jami'a take aiki, a wani ɗaki na ƙasan bene, tana binciken yadda mantuwa ke kama ƙwaƙwalwa idan an tsufa. Ni tela ce, don haka ranar da na fara leƙa ta na ɗauka injuna masu walƙiya zan gani. Ina! Fararen ɓeraye na tarar cikin keji, da wani ƙaton baho cike da ruwan da aka kaɗa wa garin madara don kada a ga ƙasansa. Cikin ruwan akwai ɗan dandamali a ɓoye. Sai ta saka tsohon ɓera ya yi ta iyo har ya dace da shi, washegari ta sake saka shi ta ga ko ya tuna wurin. In ya fito ta goge shi da tawul tana yi masa sannu. Na ce, "Yaya, duk shekarun karatun nan, ashe wankan ɓera kika koyo?" Ta ce, "Kusan haka ne."

Masu irin aikinta suna da wani babban taro duk shekara. Wanda ke son ya yi magana a can sai ya aika taƙaitaccen bayanin bincikensa, kada ya wuce kalma ɗari biyu da hamsin, kwamiti ya duba ya zaɓa. Burin Yaya ke nan a duniya, ta tsaya gaban 'yan uwanta masana sau ɗaya ta faɗi abin da ɓerayenta suka nuna mata. Duk shekara tana aikawa, duk shekara ana ba ta haƙuri. Yo ba dole ba! Abokan aikinta na rubuta "mun gano", ita kuwa tana rubuta "akwai yiwuwar cewa ƙila". Ɗalibanta ma sun je sun dawo da jakar taro a kafaɗa, ita tana nan tana shanya tawul.

Bara sai abu ya faru. Ta saka wa wasu tsofaffin ɓeraye ɗan keken gudu a kejinsu, wasu ta bar su suna kwance. Masu gudun suka riƙa gano dandamalin da wuri. Wannan rukunin farko ne, na biyu bai gama nasa gwajin ba tukuna. Ranar ƙarshe ta aikawa ta zo shagona da kwamfutarta, wai wutar ofishinsu ta ɗauke. Ina yanka yadi, tana gefe tana tsaki. Akwatin da ake zuba rubutun ya ƙi karɓa, ya yi ja, wai kalmomi sun yi yawa. Ta duba sama ta duba ƙasa. Ba ta iya cire ɓerayen, ba ta iya cire bahon, ba ta iya cire lissafin. Abin da ya rage mata kawai su "wataƙila" ne da "da alama" da "a rukunin farko kaɗai". Ta riƙa goge su ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire ƙaya daga ƙafarta, har akwatin ya koma kore. Da ta karanta abin da ya saura, ya zama: motsa jiki yana kare tsofaffin ɓeraye daga mantuwa. Ta ce, "Auta, wannan maganar ta fi ƙarfin bakina." Lokaci ya riga ya ƙure, ta rufe ido ta danna.

Aka karɓa. Ba ma allon bango suka ba ta don ta manna bincikenta ba, cewa suka yi ta hau mumbari ta yi jawabi a babban zaure. Gidanmu ya kaure da murna. Inna ta sanar da maƙwabta cewa 'yarta ta gano maganin mantuwa, mijin Yaya ya fara zagaya unguwa da sassafe cikin takalmin gudu, ni kuma na ɗinka mata riga mai aljihu don ta samu inda za ta ɓoye hannu.

Kafin taron, rukuni na biyu ya gama nasa iyon. Masu gudu da masu kwanciya duk ɗaya. Ta sake lissafi, ta haɗa da na farko, bambancin ya bi ruwa. Littafin taro kuwa an riga an buga shi da sunanta da waccan ƙatuwar jumlar.

Shugaban sashensu, wani farfesa mai son zaman lafiya, ya kira ta ofis. Ya ce, "Malama, ki nuna na farkon kawai. Ai ba ƙarya kika yi ba, haka suka yi. Na biyun ki ce ana kan aiki." Wata abokiyar aikinta ta ce ta janye, ta ce ba ta da lafiya. Yaya ta zo shagona ta zauna kan buhun ƙyallaye, ta rame cikin 'yan kwanaki har sai da na rage wa rigar ƙugu. Tausayinta ya kama ni, haushin ɓerayen kuma ya fi. Na ce, "Marasa mutunci, ki yi ta goge su da tawul, su saka miki da wannan!" Ta ce, "Ba laifinsu ba ne, Auta. Su iyo kawai aka ce su yi."

Ta tafi taron. Ana nuna jawaban kai tsaye, don haka na jingina waya jikin keken ɗinki, Inna ta jawo kujera, wata mai jiran ɗinkinta ma ta matso. Ga zaure cike, mutane har a tsaye, duk sun zo jin yadda gudu ke maganin mantuwa. Yaya ta hau, ƙarama da ita bayan mumbari, ta gyara abin magana.

Ta ce, "Abin da kuka karanta a littafin taro ba haka yake ba. Na sake gwajin, bai tabbata ba. Zan nuna muku duka biyun."

Sai na ga wani a layin gaba ya duba agogo ya ɗauki jakarsa. Wasu suka bi shi, ƙofa na ta buɗewa tana rufewa. Na miƙe da almakashi a hannu ina yi wa waya tsawa, "Ku zauna mana, 'yan baƙin ciki! Ba a gama ba!" Inna ta ce in yi shiru ba ta ji.

Yaya ba ta tsallake ko shafi ɗaya ba. Da jan ɗigon hasken da take nuna zane da shi a bango ta bi ɓerayenta rukuni-rukuni har ƙarshe, gaban kujerun da rabinsu ya zama wayam. Shekara da shekaru tana jiran wannan zauren, kuma da bakinta ta kore shi. Ban taɓa jin alfahari da mutum irin na ranar ba, hawaye ya hana ni ganin fuskarta sosai.

Ta ce ta gode. Tafin da aka yi mata bai taka kara ya karya ba. Inna ta ajiye carbinta a cinya, ta ɗaga hannuwa saitin wayar, ta yi ta tafawa har bayan an ɗauke hoton.