Rabon Ɗan'uwana a Jirgin Ruwan Paris

Har yau idan wani zai tafi Paris ya tambaye ni ko ya shiga jiragen nan masu gilashi da ake cin abinci a cikinsu suna yawo a kan kogi, nakan ce ya shiga. Ya zaɓi na rana, ya ce kifi yake so, ya kuma tambaya ko an zuba giya a romon, don Faransawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Daga ƙarshe in ce kada ya zauna jikin taga. Mutane kan ɗauka sanyi nake guje musu, ni kuwa ba na gyara musu.

Mu tagwaye ne. Ɗan'uwana ya nutse a tafki a Damagaram muna da shekara bakwai, da damina, ina tsaye a baki riƙe da takalmansa. Tun daga ranar, duk abin da aka zuba mini, sai Inna ta sa na fid da loma ɗaya gefen kwano kafin in kai hannu baki. Rabonsa ke nan, in an gama a ba kaji. Malamin unguwarmu ya ce mata wannan ba addini ba ne. Ta ce ta ji, ta ci gaba da abinta. Ranar da zan taho Faransa ba ta yi mini doguwar nasiha ba. Ta ce, "Duk inda ka ci, ka hidda mishi."

Na fitar har wata biyu. A Vaulx-en-Velin, wata unguwa a gefen birnin Lyon, mu huɗu muke ci a tire ɗaya, a hawa na tara, kuma abokan zamana ba sa barin abu ya wuce. Suka fara tambaya ko ɓerayen Lyon nake kiwo. Na yi dariya tare da su, washegari na daina.

Inna ba ta rubutu, kaset take aikowa ta hannun 'yan kasuwa. Bayan gaisuwar da ke cin rabin kaset, tambayar ɗaya ce: "Kana hidda mishi?" Sai ta ce tana ganinsa a mafarki, jiƙe sharkaf, zaune kusa da murhu yana kallon tukunya. Ni kuma in danna rediyo in ce, "Ina fiddawa, Inna." Shekara uku ina yi wa uwata wannan ƙarya, kuma ba ta taɓa hana ni barci ba.

A lokacin ina yi wa wani Alhaji ɗan Maraɗi tafinta. Shadda da leshi yake saye yana aikawa gida. Wani Bature da ke ba shi kaya ya gayyace mu cin abincin rana a jirgin ruwa a Paris. Alhaji ya ce, "Ni in ci abinci ƙasa na motsi ƙarƙashina? Tahi kai ɗai, ka ce mura nika yi. Ka dubi hannunsu ka yi yadda sunka yi, kak ka ba mu kunya."

Na hau sabon jirgin ƙasan nan mai gudu da safe, kafin azahar ina bakin kogi. Watan Nuwamba ne, gari ya yi toka-toka, ruwan kogin kamar an wanke tukunya a ciki. Jirgin kuwa ya haɗu. Fararen ƙyallaye a kan tebura, fitilu a kunne da rana tsaka, wani tsoho yana kaɗa piyano a hankali. Teburinmu na mutum uku ne, saboda Alhaji. Baturen ya zauna gabana, ni jikin taga, kujera ta uku babu kowa. Mai kawo abinci bai ɗauke farantinta ba, har ya zuba ruwa a kofinta.

Aka kawo kifi, fari, ɗan mitsitsi a tsakiyar ƙaton faranti. Na saci kallon hannun Baturen: wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka liƙa. Na ɗauka yadda ya ɗauka. Ni da aka sha buge wa hannu a kan cin hagu, na kai hagu baki, ko bisimilla ban yi ba.

Daidai nan muka shiga ƙarƙashin gada ta farko. Waje ya yi duhu, gilashin taga ya koma madubi, sai na ga mutum zaune a gefena, daga can waje, rabinsa cikin ruwa. Fuskata ce. Amma hasken kogin na rawa a kanta kamar ruwa na zuba daga gashinsa, kuma da dama yake riƙe da cokalinsa, yadda aka koya mana a gida.

Na yi makaranta, na san madubi yana juya hannu. Na faɗa wa kaina haka sau uku kafin mu fito. Baturen yana ta bayanin wani tsohon gini, ina gyaɗa kai.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne gadojin Paris ba sa ƙarewa. Ka fita wannan, waccan na jiranka. A ta biyu ya dawo. A ta uku na lura ina tauna, shi bakinsa a rufe yake. Ba fushi a fuskarsa, kallon farantina kawai yake yi, irin kallon da Inna ta ce yana yi wa tukunya. Ban taɓa tunanin shi ma ya girma ba. A raina yana nan ɗan shekara bakwai, ashe har gashin baki ya yi. Tsoro ya kama ni, amma kunyar ta fi tsoron.

Na ga wata gada na tahowa. Na ajiye wuƙar, na mai da cokalin dama, na yi bisimilla a fili. Na yanki gefen kifin da ban taɓa ba, na ɗora a farantin kujera ta uku.

Baturen ya tsaya da magana. Ya ce, "Na wa ne?"

Na ce, "Na ɗan'uwana."

"Au, zai same mu ne?"

Na ce, "Yana kusa."

Mutumin kirki ne, bai ƙara tambaya ba. Da duhun gadar ya rufe mu na kafa ido a kan ƙyallen tebur, haka na yi a duk sauran har muka sauka. Ko da aka zo kwashe kwanuka ban dubi farantin ba. Na koma Lyon da yamma, na ce wa Alhaji komai ya tafi daidai. Ban faɗa wa kowa ba, ban kuma aika kaset gida ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Bayan mako biyar wani ɗan kasuwa ya kawo mini kaset ɗin Inna. Ta gaishe ni, ta gai da Alhaji, ta lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu. Ina jiran tambayar, ba ta zo ba. Can wajen ƙarshe ta yi gyaran murya ta ce, "Na ga ɗan'uwanka. Wannan karon a bushe yake, har ya yi dariya. Amma ya ce in gaya maka, kihin nan babu yaji."

Tun daga nan ba na shiga gidan cin abinci sai da ƙullin yaji a aljihu.