Sandar da Aka Sare

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ranar da na raka kakata garinsu ba za ta fita raina ba.

A wata 'yar tashar jirgin ƙasa aka haife ta, can ƙetaren iyaka. Babanta lebura ne mai gyaran layi, ita kuwa tana tallar fura ta tagogin jirgi. Nan kakana, wanda ya kai gyaɗa daga Jiratawa, ya gan ta ya auro ta. Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, kullum wannan gurbin nake so ta maimaita mini, har da kallon farko. Sai ta yi dariya ta ce ni, angonta na wasa, na fiye son zaƙi. Ita abin da ke ranta daban ne: ta tsaya bisa kabarin mahaifiyarta sau ɗaya kafin ta mutu.

Da hutun lakwal, wato makaranta, muka shiga mota daga Maradi. Duk hanya tana ba ni labari: ba mai agogo a garin, kukan jirgi ke sa a ɗora tukunya. Ko kabari ba su sa masa alama, da doguwar sandar siginar jirgi suke gane shi. Na mahaifiyarta yana daidai inda inuwar sandar ke kaiwa da la'asar.

Muka iske tashar ba rufi, awaki kwance a ɗakin tikiti, gero ya rufe layi. Wani tsoho mai kiwo ya ce tun da jirgi ya daina tsayawa mutane suka watse. Kaka ta tambaye shi sandar.

"Hajiya, ai masu sayen ƙarfe sun sare ta tuntuni. Har gindin suka tone."

Muka yi ta zagaya gonar geron da ta cinye maƙabartar har la'asar ta yi, ba inuwar komai sai tamu. Na nuna wani ɗan tudu don in faranta mata, na ce ƙila nan ne. Ta girgiza kai.

"Bari, angona. Wannan ba littafinka ba ne."

Ta durƙusa a bakin layi, ta ɗaga hannu ta yi wa gonar duka addu'a. Ba ta kai damina ta gaba ba.

Yanzu ana ta zancen jirgi zai iso Maradi, kowa na murna. Ni ma ina yi, amma ranar nan ta koya mini cewa in tsoho ya ce a kai shi gida, a tashi a kai shi tun alamun da ya sani suna tsaye.