Faifai na Biyu na Malam Nafi'u

Da safen nan labari ya iske ni. Malam Nafi'u ya rasu.

Tun shekaranjiya. An yi masa sutura a Kuyello an watse, ni ina nan cikin gari ban sani ba, don babu sabis a can. Wani mai babur ne ya faɗa mini a bakin tasha, kamar mai faɗin farashin masara. Zazzaɓi, in ji shi. Kwana huɗu yana kwance, hanya kuma ba ta biyuwa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin lissafi ne, ya yi aiki a ƙarƙashina lokacin ina hedimasta. Shi ya koya wa kansa kwamfuta. Shi ya buɗe mini wannan shafin. Ya ƙara girman haruffan wayata, bai taɓa ce mini idona ya yi rauni ba. In ya dawo daga ƙauye sai in tarar da ƙullin daddawa a zaure, babu sallama babu saƙo.

Amma ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Akwai maganar da ya kamata in yi yana raye, ban yi ba.

Da makarantun ƙauyukanmu suka fara tashi, wasu ma aka ƙone su, mu tsofaffin malamai muka haɗa 'yar ƙungiya. Muka tattaro abin da ya tsira na rajista da takardun shaidar gama firamare. Nafi'u ya bi su shafi-shafi yana ɗaukar hoto yana zubawa a kwamfutar ƙungiya. Wasu har lokacin suna ƙaurin hayaƙi. Asalin takardun kuwa, rufin sito ya yi yoyo bara, ruwa da gara suka gama da su.

Faifan ajiya biyu ya sa wa kwamfutar, duk abin da aka rubuta a na farko yana sauka a na biyu. In ɗaya ya mutu, ɗayan na nan. Sai dai akwai wani ɗan rubutu a can farkon faifai, suna ce masa butloda, shi ke tayar da kwamfuta in an kunna ta. Shi wannan ba ya kwafuwa da kansa. Sai an bi kowane faifai an dasa masa nasa.

Na farko ya karɓa. Na biyu ya ƙi.

Ana gobe bikin buɗe ofishin ƙungiya Nafi'u ya same ni, gumi har gwiwar hannu. "Hedimasta, a ba ni yini ɗaya. In gyara na biyun, in zare wayar na farkon, mu ga ko za ta tashi."

"Ka kashe injin da ke aiki lafiya, ga baƙi gobe?"

"Lafiyarta ta ƙafa ɗaya ce, ranka ya daɗe."

Na ce masa na yi jami'a a Zariya tun kafin a yanke masa cibiya. Na ce faifai biyu faifai biyu ne. Ya yi murmushi ya ce, "To, Hedimasta."

An yanka ƙyalle, an sha lemo, an yi hoto. Daga nan ciyaman na ƙungiya ya karɓe makulli, ya ce kada wanda ya sake yi wa injin kwakkwafi.

Ranar da faifan farko ya mutu, aka kunna, allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan ɗigo yana ƙyaftawa. Aka kira taro. Ciyaman ya ce, "Ina faifai biyun da aka cika mana kunne da su? Ko dai na biyun kwali ne?" Aka yi dariya. Wani ya ce a bincika kasuwar 'yan waya a Kaduna.

Nafi'u ya miƙe. "Komai yana ciki, wallahi. Ku ba ni awa ɗaya da filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, in tayar da ita daga waje, in dasa wa na biyun abin da ya rasa."

Suka ce wanda ake zargi ba ya taɓa shaida.

Ya dube ni. Ni kaɗai na san ya nemi yinin nan an hana shi, don ni na hana. Na sunkuyar da kai ina gyara tabarau.

Abin da karatuna ya amfana ke nan.

Tun daga ranar ɗakin kwamfutar yana kulle. Madam Saratu daga Saminaka ta zo sau uku neman takardar 'yarta, yarinyar na son shiga makarantar koyon jinya, makarantar da ta yi firamare kuma toka ce yanzu. Zuwanta na ƙarshe ta ce mini, "Baba, in babu ku ce babu. Tafiyar nan da ranmu a hannu muke yin ta." Na ce ta ƙara haƙuri. Mun ƙware a wannan.

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwa ne, sati uku da suka wuce. Na so in kauce, ya riga ni sallama. Har ƙasa ya gaishe ni, kamar ban yi masa komai ba. Ya zaro wata takarda da ya yago daga littafin ɗalibai.

"Layi bakwai ne, Hedimasta. In ni ne ba a so, a ba wani ya bi su. Roƙona ɗaya, kada a bari kowa ya yi wa na biyun fomat, ya share abin da ke ciki."

Na ce zan duba. Na cusa a aljihu.

Yanzu ciyaman ya samo wani injiniya daga Kaduna, zai zo ranar Litinin ya share komai ya zuba sabo. Sabo fil, babu sunan yaro ko ɗaya a ciki. Na san har lemo za a sha.

To ku shaida, 'yan kwamitin ƙungiya ma na san kuna karantawa. Nafi'u bai saci komai ba. Ya nemi gwaji, ni na hana shi. Ranar Litinin da hantsi zan ɗauki kujerata in zauna a ƙofar ɗakin nan da takardarsa a hannu. Ban iya bin layukan ba. In akwai wanda ya iya, ya zo ya same ni a can.

Allah Ya jiƙan Nafi'u, Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓi aikinsa da muka ƙi karɓa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a. In da saura, ku sa ni a ciki, Allah Ya buɗe mini baki ranar Litinin.