Maharazu Mai Juya wa Jirgi Hanya

Shekara ashirin da shida, da an idar da sallar Asuba, Malam Maharazu zai ɗauki gwangwanin mai da tsumma ya bi layin dogo a ƙafa, yana goge ƙarafan da ake juya wa jirgi hanya da su. Mu mutanen Illela jirgi bai iso mu ba, sai mun yini a mota kafin mu kai tashar da yake aiki. Ɗan garinmu ne, amma gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Wata Talata a kakar 1962, jirgin fasinja mai zuwa Zariya yana tsaye ana hawa. Baraka, mutuniyar Gidan Katta da za ta kai mijinta a duba masa ido, tana zaune bakin taga. Ita ta ba ni labarin. Ta hango tarago guda shaƙe da buhunan gyaɗa ya kuɓuce daga tudu, yana gangarowa kan layinsu, ba kowa a kansa. Mijin ya ji an yi tsit, ya ce, "Mi yaf faru?"

Masu dako suka watse. Maharazu kuwa wajen taragon ya nufa da gudu. Ya kama ƙarfen juya hanya, ƙarfen ya cije. Ya sa ƙirji ya danna, har ƙasa na rawa ƙarƙashinsa, sannan ƙarfen ya juya. Taragon ya kauce, ya je ya daki tarin ƙasa. Ƙarfen ya fizge shi da ƙarfi ya karya masa hannun dama.

Baraka ta sauko ta nufo shi. "Baba, hannunka."

"Koma ki zamna, ɗiyata. In ban maida layi ba, ba ku fita."

Da hannun hagu ya mayar, jirgi ya tashi.

Bana ya ajiye aiki, ya dawo Illela yana noma, hannun bai miƙe ba har yau. Malam Maharazu, kai ne ka tsaya ranar da kowa ya gudu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku da aka ba amanar rayukan mutane, ku je ku gaishe shi, ku dubi hannun nan da kyau.