Mai Ƙadangaru da Dunduniyar Surukinsa

Kun gan ta, kada ku ce ba ku gan ta ba. Ranar da kuka sayo wa yaro littafin kimiyya na firamare, kun buɗe tsakiya, kun ci karo da wata ƙatuwar dabba mai dogon wuya tsaye a bakin kogi, kun ce, "Ikon Allah," kun rufe, kun koma kan waya. Babu wanda ya tambayi hannun da ya yi ta. A zatonku irin waɗannan hotuna daga sama suke faɗowa cikin littafi. To, daga wani ɗan ɗaki suke fitowa a bayan maɗaba'a, tsakanin injin yankan takarda da banɗaki, inda wani bawan Allah ya ƙarar da idanunsa ku kuna can kuna kallon wani wajen.

A maɗaba'ar kowa Mai Ƙadangaru yake ce masa. Abin da yake zanawa shi ne dainoso, dabbobin nan da suka yi zamaninsu a doron ƙasa suka shuɗe, yawancin abin da aka tarar nasu ƙasusuwa ne. Ya sha gaya wa mutane cewa ba ƙadangaru ba ne. Da ya ga sunan ya riga ya bi shi, sai ya fara amsawa.

Da safe shi ke riga kowa isowa. Zai goge tabarau da bakin riga, ya kunna kwamfuta, ya jira ta gama nishi kamar tsohuwar da aka tasa daga barci. Da can mai rubuta allunan shaguna ne. Sai da furfura ta fara fito masa sannan ya ajiye burushi ya ɗauki alƙalamin roba marar tawada, wanda ake gogawa a kan ɗan faifai a tebur, zanen kuma ya fito a allon kwamfuta. Ya ce watanninsa na farko kamar mutum ne yana sosa ƙeya don ƙafa na masa ƙaiƙayi.

Da ƙashi yake farawa. Zai zana ƙwarangwal da siraran layuka, ya ɗora tsoka da launin toka, sannan ya tsaya ya yanke shawarar inda rana take, don daga nan kowace inuwa za ta san inda za ta kwanta. Komai a shimfiɗarsa yake, ɗaya bisa ɗaya, kamar ledoji masu haske: sama daban, kogi daban, bishiyoyi daban, dabba daban. In wuya ya karkace, sai ya ɗaga shimfiɗar wuya kaɗai ya gyara, kogi bai ma san an yi ba.

Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa ganin dabbar ido da ido, don haka sai aro wajen masu rai. Ƙafafu na zakaran maƙwabta ne. Lumshe ido na akuya ne. Hararar dainoso mai cin nama kuwa, mai yankan takarda ya rantse ta Manaja ce a lokacin da wani ya makara, kuma duk wanda ya san Manaja bai taɓa musawa ba. Fata ita ce ƙarshe. Yakan ɗauki hoton wani abu mai kaushi, ya shimfiɗa shi a jikin dabbar, ya lanƙwasa shi ya bi gaɓoɓi, ya rage masa ƙarfi har ya zama nata.

A nan sirrinsa yake. Fatar da ta fi kowace kyau a duk aikinsa, wadda malamai ke nuna wa yara suna cewa ku dubi yadda halitta take, dunduniyar surukinsa ce. Wata rana da azahar tsohon ya ci ya ƙoshi, ya miƙe a tabarma barci ya kwashe shi, ƙafa a waje. Mai Ƙadangaru ya zo gaisuwa, ya ga faso ya tsage gida-gida kamar busasshen tafki. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ciro waya.

Shekaru hoton nan yana ciyar da littattafai fata, har bana da aka ba shi babban aiki: shafi biyu a tsakiyar sabon littafi, uwar dainoso tana gadin ƙwai a bakin kogi. Ya gama sama, ya gama ruwa, ya sa fata daga kai zuwa ciki, sai kwamfutar ta yi tari ta mutu. Mai gyara ya ceto zanen, amma hoton dunduniya ya tafi. Dabba ta tashi gabanta da fata, bayanta sumul kamar kazar da aka fige.

Manaja ya leƙo, ya duba, ya yi hararar nan tasa.

"Malam, wannan wanka za ta shiga ne ta tuɓe wando?"

"Yallaɓai, fata ce ta ƙare."

"To, ranar da za a hau injin bugawa in ba ta sa wando ba, zan ɗauko wata a intanet. Kuma in na ɗauko, ban ga amfanin ajiye teburin nan ba."

Ya gwada ɓawon bishiya, dabbar ta koma itace. Ya gwada tsohuwar taya, ta zama kamar za a ba ta iska. Ya gwada kujerar ofishin Manaja da ta tsattsage, gaba da baya suka ƙi yarda cewa dabba ɗaya ce. Dole ya nufi gidan suruki da ledar lemo. Ya durƙusa ya gaida tsohon, idonsa a ƙasa, wanda ya gani zai ce ladabi ne. Ƙafar dama ce a miƙe, tana sheƙi kamar ta jariri.

Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta ce, "Baban yara, lafiya?"

"Me ya sami ƙafar Baba?"

"Ka gani ko? Wani man shafawa na sayo masa. Faso kaf ya tafi."

"Kin kashe ni."

Da ya yi mata bayani, sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Da ta share hawaye ta ce, "Wato duk shekarun nan ƙafar ubana ake koya wa 'ya'yan mutane?" Ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Ta ce to. Kafin la'asar ɗin washegari aka aiko Baba na kira, kuma a zo da ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan.

Ku da kuke cewa zane ba aiki ba ne, ku gwada durƙusawa gaban surukinku kuna bayyana masa cewa kun yi shekaru kuna manna dunduniyarsa a gadon bayan dabba.

Tsohon ya sa tabarau, ya daɗe yana duban shafin. Ya ɗora yatsa a kan wani dogon tsagi a kafaɗar dabbar.

"Wannan na san shi. Ya hana ni sa takalmi wata guda." Ya ɗago. "Yaro, wannan ciyawa take ci ko nama?"

"Ciyawa, Baba."

"Ka rasa wadda za ka ba ƙafata sai mai cin ciyawa?"

"Ita ce babba, Baba. Ta fi gidan nan tsawo."

Tsohon ya ɗan gyara zama. "To, da sauƙi." Ya leƙa ya tabbatar 'yarsa na can ɗakin girki, sannan ya zaro ƙafar hagu da ya naɗe a ƙarƙashinsa, ya cire safa a hankali. Faso na nan daram, har ya fi na da.

"Bayana ba ya bari in kai ga wannan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ta dama kaɗai nake shafa wa man, ita nake nuna mata. Yi sauri ka ɗauka. In ka gaya mata, ni ma zan gaya wa Manajanku inda ka samo hararar mai cin nama, don labarin ya iso ni."

Uwar dainoso ta sa wando kafin a hau inji. Yanzu tsohon ba ya fita sai da littafin a hammata. Mai shayi ya gani, mai aski ya gani, har likitan da ke duba masa baya sai da aka buɗe masa tsakiya.

Kun yi dariya, na sani. To, ku saurari sauran. Teburinsa ya tsira, amma na littafi ɗaya kawai. Ƙarshen shekarar nan Mai Ƙadangaru zai ajiye aiki, don ido ya fara gardama, sai ya kai hanci jikin allo kafin ya bambanta kore da ruwan ƙasa. Manaja ya ce ba za a ɗauki wani ba. Za a koma kwaso hotuna dishi-dishi daga intanet, wasu da tambarin masu su a tsakiyar ciki, a manna wa 'ya'yanmu, mu kuma mu ce ikon Allah mu rufe. Haka muke: mu saki abin hannunmu, bayan shekara goma mu kira taro a kan dalilin da ya sa ba mu da masu zane.

Kai ne, Mai Ƙadangaru, ka ɗauki ƙasusuwan da ba su da mai su ka yi musu sutura da abin da ke tsakar gidanmu. Kai ne ka sa yaron da bai taɓa fita unguwarsu ba ya tsaya a bakin kogin da ya ƙafe tun kafin a san mutum. Mai sa wa ƙashi nama, mun gode. Allah ya ƙara wa idon nan kwana.

Ku kuma, kujerar da ke gefensa babu kowa a kai, kuma ya ce duk wanda ya zo zai koya masa, daga ƙwarangwal har fata. Akwai matashi ko matashiya a gidanku da kuke yi wa faɗa don sun cika bayan littafi da zane. Ku daina faɗan, ku kama hannunsu ku kai su. Kafin ku fito ku shiga ofishin Manaja, ku jure hararar, ku gaya masa ba za ku sayi littafin da aka cika da hotunan tsintuwa ba. Ku je a makon nan, tun idon yana gani. Tsoho mai ciwon baya ya ba da dunduniyarsa. Taku ba hotonta ake nema ba, takawa kawai za ta yi zuwa can.