Kawu Kunne da Tarin Marigayi

Ƙanin mahaifiyarmu, kowa Kunne yake ce masa. Sana'arsa gyaran sauti. Idan mawaƙi ya gama rera abinsa a situdiyo, sai a kawo wa Kawu a kwamfuta ya yi masa wankan ƙarshe kafin a buga a faifan CD. Sautin da ake ɗauka yakan fi abin da faifai zai iya ɗauka nauyi, dole a rage shi yadda kunne ba zai gane ba. Kawu ya ce kamar cusa ƙato ne a rigar ƙaninsa ba tare da ɗinki ya fashe ba.

Ɗakin aikinsa ba taga, bango duk soso, sai lasifika biyu da yake lallaɓawa fiye da 'ya'yansa. Ciwonsa ɗaya: tsabta. Numfashin mawaƙi, ƙarar fanka, kukan kujera, duk sai ya kankare. Ya taɓa korar wani makaɗi daga ɗakin don cikinsa na ƙugi.

Wata rana wata dattijuwa tela ta zo. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar waƙoƙin da ya ɗauka a situdiyon abokinsa, tana so a buga wa 'ya'yansu. Kawu ya saurara, ya dafe kai. Marigayin yana waƙa yana tari, yana gyaran murya kamar mota ta ƙi tashi.

Kawu ya zage. Ya cire tarin, ya goge kakin, ya miƙar da muryar duk inda ta karkace. Da matar ta dawo, ya zaunar da ita tsakanin lasifikokin, ya kunna, ya harɗe hannu yana jiran yabo.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Bawan Allah, wannan mijin wace ce?"

"Naki mana, Mama."

"Nawa? Da mijina ya iya waƙa haka, da ba a mota ya ƙare ba. Ina tarin? Da tarin nan nake sanin ya shigo layinmu."

Allah ya taimaki Kawu, ba ya taɓa ainihin abin da aka kawo masa, a kan kwafi yake aiki. Haka ya zauna yana mayar da tari ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki. Da ya sake kunna mata, tun a gyaran muryar farko ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, tana dariya tana hawaye.

Alfarma ɗaya ya roƙa: kada a sa sunansa a bangon faifan. Ta ce to. Da aka buga, sunan nasa ya fi na marigayin girma.