Haliru da Dokin Ƙofar 'Yan Sin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah ya karɓi ran abokina Haliru Abdulgani, ɗalibin ilimin gine-gine, a wani asibiti a Kuala Lumpur, bayan gajeriyar jinya.

Haliru, ban taɓa ganin mai tambaya irinka ba. Ko shayi muka zauna sha a mamak, wato shagon shayi da abinci, na unguwar Danau Kota, sai ka tsare mai shagon da tambayar wanda ya yi masa rufi. Kuma duk sabon ɗalibin da ya sauka unguwarmu ta Setapak, kai ke zagawa da shi neman ɗaki.

Bara jami'a ta kai mu taro ƙasar Sin, ka ja ni wani tsohon gidan ibadarsu a kan dutse, wai sai ka ga yadda aka haɗa katakon rufinsa babu ƙusa. Muka isa muna haki. Ka ga dokin ƙofa mai tsayi, ka zauna a kai za ka cire takalmi. Tsohuwar da ke kula da wurin ta taso da faɗa. Tafintan da ke tare da mu ya ce a wurinsu tsallake shi ake yi, ba a taka shi, balle zama.

Maimakon kunya, sai fuskarka ta washe. "Wallahi haka kakata Ɗelu take korata daga dokin ƙofa a Kano! Same thing, lah, abu ɗaya ne! Wa ya gaya wa wa?" Har ka rasu kana neman amsar.

Hoton ranar ya zaga wayoyi, wasu suka ce ka je gaida gumaka. Maganar ta kai kunnen matarka Murja, ta yi kuka, maganar kuma ta kai har gida wurin mahaifinka. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina wurin. Rufi ka ɗaga kai kana kallo, ba ka rusuna wa komai ba, kuma da azahar ta yi, kai ka ja mu salla a kan wani falalen dutse.

Da muka fito da makararka daga masallaci, na tsinci kaina ina ce wa masu ɗauka su tsallake dokin ƙofar, kada su taka. Raina ya sosu ƙwarai.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya ba Murja da iyayenka haƙuri. Allah ya sa ka tsallake siraɗi lafiya, ya buɗe maka ƙofar Aljanna.